Ƙugun Dusa

Ba zan taɓa mantawa da ragon Iya, uwar mijina, ba, ko da kuwa zan manta sunayen jikokina (dama yanzu nakan kira wannan da sunan wancan). Uda ne, gaba baƙi baya fari, mai idon rainin wayo. Shi ya tona mini asiri a gaban matan gari biyu.

An kawo ni aure Tarka daga Falanko 'yan shekaru kaɗan bayan Nasara sun bar mana ƙasarmu. Ni kuwa Allah ya yi ni siririya, irin sirantar da in na tsaya jikin danga sai an duba da kyau. A yankinmu na Damargu a lokacin, jikin mace shi ne shaidar mijinta. In ta yi ɓul-ɓul, wuya ya yi gunduwa-gunduwa, an san rumbu cike yake kuma mai gida hannunsa a sake yake. In ta rame, ba ita ake tambaya ba, shi ake zagi. Mai gidana manomi ne mai kunya, bai taɓa hana ni komai ba, amma a bakin rijiya har cewa ake yi wai da cokali yake auna mini gero.

Maganar ta yi ƙafa ta kai Falanko. Ni ce autar Inna, ita kuwa ba ta wasa da lamarina. Ta aiko wata mai tallar kanwa ta gaya mini za ta zo bikin Dije, ƙanwar mijina, bayan kaka, kuma in ta tarar da ni yadda ta ji, in naɗe tabarmata mu koma tare. Inna ba ta faɗin magana sau biyu. Ni kuma ina son mijina, ina son ɗakina, ba inda nake son zuwa.

Daga ranar zama ya gagare ni. Iya, uwar mijina, ta ce ba a gidanta za a yi wannan abin kunya ba, ta ɗaure ni a turke kamar yadda ta ɗaure ragonta na layya. Da sassafe fura, hantsi gumba, azahar tuwo yana iyo cikin man shanu, ga nonon raƙumi da wata Buzuwa maƙwabciyarmu take kawowa, tana rantsuwa wai da shi suke cika 'yan matansu. Ni kuma na ɗora nawa a kai. In ci a zaune, in ci a tsaye, in kankare ƙanzon tukunya, in bi kwanukan da aka rage in suɗe. Ba yunwa ba, ba daɗi ba, tsoro ne kawai yake tura loma. Nakan ci har ruku'u ya gagare ni, in zaga bayan danga in amayar, in yi kukana, in wanke baki in dawo in ɗora daga inda na tsaya. Na tsani abinci, na kuma kasa barinsa.

Ma'aunina munduwa ce. Kullum sai na tura ta sama in ga inda za ta tsaya, ita kuwa ta wuce gwiwar hannu salin-alin ta nufi hammata. In cire, in sha ruwa, in sake gwadawa, kamar a ɗan tsakanin nan wani abu zai canja. Mai gida ya gaji da ganina ina safa da marwa tsakanin madafa da ɗaki, ya ce shi fa bai taɓa cewa ban yi masa ba. Na ce ai ba shi zai zo daga Falanko ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ragon. Ni nake ba shi dusa da kanwa safe da yamma, da ya hango ni sai ya fara jan igiya. Gida ɗaya, hannu ɗaya yake ciyar da mu, amma shi har ya fara tafiya da ƙyar. Na yi hassadar rago, wallahi na yi. (Tunda tonon asiri nake, bari in ƙarasa: na taɓa ɗibar dusarsa na dama na sha. Kwana na yi ina murƙususu.)

Biki ya matso, munduwa na nan tana yawonta. Ina cikin ɗibar wa ragon dusa wata safiya na ji yadda buhun yake da laushi, yana lotsawa yana dawowa, sai shaiɗan ya raɗa mini dabara. Na yage wani tsohon zane, na ɗinka doguwar jaka kamar hanji, na ɗura mata dusa. Na so in sa ƙaiƙayi don ya fi rashin nauyi, amma sunansa kaɗai ya ishe ni gargaɗi. Na ɗaura ta a ƙugu, na rufe da zane biyu, na yi ta koyon tafiyar masu jiki a cikin ɗaki, ina jujjuyawa a hankali kamar mai ɗauke da tulu.

Ranar wuni gida ya cika maƙil, matan Tarka da na Falanko, ana kiɗan ƙwarya, zabiya tana ta zuba kirari. Tun safe hankalina na kan ƙuguna, ina ɗaurawa ina kwancewa, shi ya sa ban tuna akwai wani mai jiran karin kumallo a hannuna ba. Aka ce Inna ta iso, an yi mata shimfiɗa a inuwar aduwa. Na kafa ɗaurin kallabi mai girma, na ɗan cika kumatu da iska, na fito ina rangaji.

Kai, na ji daɗin wannan tafiyar. Ina jin wata tana cewa lallai ruwan Tarka ya karɓe ni. Iya ma ta saki baki tana kallona, tana tsammanin furarta ce ta yi aiki dare ɗaya. Na isa gaban Inna na durƙusa, ban ko lura da cewa turken ragon yana daidai bayana ba.

"Inna, kun zo lahiya? Ina gajiyar hanya?"

Tana amsawa tana ƙare mini kallo, daga wuyan nan nawa na zabuwa zuwa ƙugun da bai san da zaman wuyan ba. Sai na ji an zungure ni ta baya. Na ɗauka mai wucewa ce, na ɗan gyara. Aka sake zungura, da huci mai ɗumi. Kafin in waiga na ji an cafki zane an fizga, ƙyaat, sai wani sanyi-sanyi yana bin cinyata, shaaa.

Kiɗa ya tsaya. Gefen dama na ƙuguna yana saɓewa a hankali a gaban jama'a, dusa tana taruwa a ƙasa, rago ya tusa kai yana ci da gurnani, kaji sun taho a guje. Ni kuwa, don tsabar ruɗewa, sai na ci gaba da gaisuwa.

"Ina su Baba? Ina ruwa?"

Ruwa, bayan kaka! Wata tsohuwa ce ta fara fashewa, sai gida ya ɗauka gaba ɗaya. Na miƙe zan gudu, rago ya ga akushinsa zai tsere, ya tumɓuke turke ya biyo ni. Muka zaga tsakar gida, ni da ƙugu ɗaya, shi da igiya tana jan ƙasa, kaji a bayanmu, zabiya kuma nan take ta sa mu a waƙa. Har amarya sai da ta leƙo daga cikin lulluɓi. Da ƙyar na faɗa ɗaki na ja asabari.

Ban jira an ce mini komai ba, na fara naɗe tabarma ina kuka. Na ja wa mai gida abin da ya fi na da, yanzu za a ce matarsa ta rame har sai da ciko. Inna ta shigo ta zauna bakin gado. Ta ɗebi dusar da ta maƙale a zanena tana murzawa da yatsu.

"Aje tabarmar nan," ta ce. "Muna yara an yi wata yunwa, da wannan aka raya mu, a tafin hannu ake raba mana. Gidan da za a samu dusa har ta ɗaurawa a ƙugu, ba yunwa ake yi cikinsa ba. Kuma wadda ta yi wannan hauka don kar a raba ta da miji, ko na tahi da ita gudowa za ta yi."

Sai ta kama hannuna ta jera da nata, sandar rake biyu, ta ce in gaya mata wa na taɓa gani da ƙiba a zuriyarmu. Da za ta tashi na lura zane uku ta ɗaura, a wannan zafin.

Haka na zauna a Tarka, da sunan Ta-Dusa da ya bi ni har yau. Na koma cin abinci kamar mutum, na bai wa Dije munduwar. Mai gida bai taɓa tayar da maganar ba, sai dai duk ranar da ya ga ina surfe yakan yi gyaran murya ya fita da sauri, kafaɗunsa suna rawa. Ragon kuwa da layya ta zo na ci namansa da gayya, har da kitsen, ko a ɗan yatsa bai nuna ba.

Abin da na koya, na kuma gaya wa jikokina mata: in za ki yi ado da abincin wani, ki fara tabbatar ya karya kumallo.