Rasuwar Da'irorin Bohol ɗin Mahuta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma tashin zuciya, ni Lydia Ishaku, sakatariyar ƙungiyar matan Mahuta, nake sanar da rasuwar da'irorina guda uku: Shuɗiya, Ja da Ruwan Ɗorawa.

An haife su a kwamfutar ofishinmu da ke Kudenda, wata biyu bayan sojoji sun koma bariki, don su raka mu gaban sabon kansila roƙon bohol. Kowacce tana wakiltar layi ɗaya na unguwarmu. Marigayan masu kunya ne, shara-shara, ba wadda ta taɓa rufe 'yar'uwarta. Inda suka haɗu a tsakiya, nan muka roƙa a haƙa mana ruwa, kuma ko wadda ba ta yi boko ba tana gani ta gane. In za su shigo allo sukan ce “fiuuu”, sannan su zauna da ladabi.

Ciwon ajali ya kama su ranar da Ciyaman Nicholas, shugaban unguwa, ya karɓi linzamin kwamfuta daga hannuna don ya “ɗan gyara”. Ya ƙara da'ira ta ƙofar gidansa, ya ƙara ta shagon matarsa, ya ƙara ta surukinsa, ya yi ta ƙarawa har suka kai goma sha ɗaya, wata kan wata. Tsakiyar nan mai haske ta koma kalar ruwan kwata. Ranar taro da aka haska su a bango da majigi, Mama Juliana, wadda ta shekara ashirin tana ɗauko ruwa daga rafi, ta tofar da yawu ta kau da kai. Kansila ya tambaya ko taswirar kwalara ce muka kawo masa. Nan suka cika. Bohol kuma ya tafi wata unguwa.

Sun rasu sun bar kibiya ɗaya da ba ta nuna komai, da kan magana mai kuskuren rubutu, da hoton Ciyaman, wanda yake nan cikin ƙoshin lafiya.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, a kwandon sharar kwamfuta, ni da kaina zan danna maɓallin gogewa. Ba za a buɗe gawa ba, saboda masu juna biyu da waɗanda suka riga suka karya kumallo. Ana karɓar gaisuwa a bakin rafi. Mai zuwa ya taho da jarkarsa.