Kuɗin Ƙasar Da Ba A Buɗe Ba Tukuna

Ƙarfe biyar saura kwata na wata yammacin Asabar, a ƙofar gidan surukina Alhaji Ummaru da ke Shagari. Wannan lokaci na yi iya ƙoƙarina in manta da shi, ya ƙi mantuwa. Waɗanda ke wurin su ne Alhajin da kansa, da ƙanwarsa Gwaggo Asabe, da wani maroƙi da ake kira Ɗan Jumma, da jama'ar biki cike da tabarmi, sai kuma ni cikin babbar riga mai sitaci, ina ji da kaina. Amma bari in bi abin daki-daki, don ba na son labari a hargitse.

Ni mutumin Bodinga ne, manomin albasa. Karatuna bai wuce firamare ba, amma an san ni da tsari. Ni ne mai jera takalman mutane a ƙofar masallaci, manya a dama, ƙanana a hagu, ba tare da kowa ya sa ni ba. Ban taɓa sayen akuya ban buɗe bakinta na duba haƙora ba. Har a kasuwa cewa ake yi, in Malam ya duba abu, to ya dubu. (Ina jin daɗin wannan magana fiye da yadda ya kamata.)

Zamanin mulkin farar hula na biyu ne, lokacin tsuke bakin aljihu. Sabulu sai an yi layi, madara sai ka san wani. Naira tana narkewa a aljihu, kowa maganarsa dala da sefa. Ana cikin haka wani mutum ya sauka a kasuwar Bodinga da farar shadda da tabarau da jaka mai makulli, ya ce sunansa Alhaji Wakili. Ya jira sai da na fito sallar azahar, ya ja ni bayan rumfunan albasa.

"Malam," in ji shi, "masu neman dala sun makara. Dala ta tsufa. Mai hankali kuɗin gobe yake saye."

Ya ce akwai wata ƙasa a tsakiyar teku, can bayan Makka, da ta kusa samun 'yancin kai. An riga an buga mata kuɗi, buɗe ƙasar kawai ya rage. Wanda ya saya yanzu da arha, ranar da aka ɗaga tuta kowace takarda za ta fi dala goma. Ya buɗe jaka ya miƙo mini guda.

Kada ku ɗauka na saya ido rufe. Na duba. Na farko, na shinshina ta, na ji ƙanshin sabuwar takarda. Na biyu, na ɗaga ta ga rana. (Ban san abin da ake nema ba in an ɗaga, amma na ga 'yan canji suna yi.) Na uku, na ƙirga sifilai, na samu dubu goma cif. A jikinta akwai hoton wani mutum mai gashin baki yana rungume da kifi, da rubutun da ba irin Turancin da aka koya mana ba.

"Shugaban ƙasar ke nan," in ji Wakili. "Kifi ne arzikinsu, kamar yadda mu muke da man fetur."

Sai na yi tambaya ta huɗu, wadda na ɗauka ita ce ta masu wayo: wa ya riga ya saya?

"Surukinka Alhaji Ummaru. Jiya na baro gidansa. Shi ma ya so ya gaya maka, amma ka san kunya."

Nan ya gama da ni. Tun da na auri 'yarsa Hauwa ban taɓa cin abinci a gaban Alhaji ba. Daga nesa nake tuɓe takalmi, in durƙusa, in gaishe shi idona a ƙasa, in tashi. In je in tambaye shi abin da ya yi da kuɗinsa? Bakina ma ba zai buɗu ba. Kuma Wakili ya gargaɗe ni kada in gaya wa mata, wai in magana ta bazu farashi zai karye.

Albasar da na saba ajiyewa a rumfa har ta yi tsada, a makon nan na kwashe ta duka na sayar lokacin da ta fi arha. Abincin gidana na shekara ke nan. Na karɓo damin takardu, na jera su a akwati, fuskar shugaba tana kallon gabas.

Daga nan na shiga jiran 'yancin kai. Kullum da yamma ina manne da rediyo. Na je makarantar firamare na duba taswirar duniya ban ga ƙasar ba, sai na kwantar wa kaina da hankali cewa ai ba a sa ƙasa a taswira kafin a buɗe ta. Hauwa ta gaji ta ce, "Wai Malam, mi kaka jira ga rediyon nan?" Na ce harkar ƙasashen waje ce, ba ta mata ba. Wakili ya dawo sau ɗaya, ya ce an ɗage bikin ɗaga tuta saboda ruwan sama. Na ƙara sayen wasu da ɗan abin da ya rage mini.

To, sai ga bikin autar Alhaji, ni kuwa ba ni da nairar gudummawa. Na yi tunani na ce ai faɗuwa ta zo daidai da zama: zan ba da kuɗin gobe, Alhaji zai gane, mu masu hangen nesa biyu. Na zaro takarda ɗaya na miƙa wa Ɗan Jumma. Ya dube ta, ya cika ƙirji.

"Jama'a ku ji! Surukin gida, Malam na Bodinga, ya ba da dubu goma!"

Guɗa ta tashi daga cikin gida. Wani tsoho ya ce a maimaita. Ɗan Jumma ya juya takardar, ya sake juyawa, ya ce, "Allah shi daɗe da ranka, dubu goma ta wace ƙasa?"

Maimakon in yi shiru, sai na miƙe na gyara riga na fara bayani. Na farko, ƙasar tana teku. Na biyu, ba a buɗe ta ba. Ina cikin na uku Gwaggo Asabe, wadda ta fito ganin mai dubu goma, ta fizge takardar.

"Wagga? Wagga ai takardar kihin gwangwani ta! Kwalin da anka sawo na biki cike shi ke da su. Da su munka shimhiɗe ƙasan kwanonin amarya."

Na ce, "Gwaggo, a yi hattara, shugaban ƙasa ne."

"Shugaban kihi dai, ɗana."

Ta shiga gida ta fito da wasu a hannu, duk sun jiƙe da mai, an naɗe ƙosai a ɗaya. Mutumin nan ne, da gashin bakinsa da kifinsa. Takardun talla ne na masu kifin.

Dariya ta ɓarke. Na juya wajen Alhaji don ya cece ni, kuma ranar na fara kallon fuskarsa sosai. Gumi yake yi, hannunsa dafe da aljihu.

"Malam," ya ce a hankali, "ashe ba ka duba ta ba?"

"Baba, ai cewa aka yi kun riga kun saya."

"Ni ce mini anka yi kai kad duba, kac ce ta yi. Nic ce tunda mai duba haƙoran akuya ya yarda, mi ya rage? Shanun huɗa biyu nis sayar."

Ashe daga wurina Wakili ya wuce Shagari kai tsaye. Ya san ɗayanmu ba zai iya tambayar ɗaya ba. Ɗan Jumma kuwa ya samu aiki: har magariba yana yi mana kirarin attajiran gobe, mutane suna yi masa liƙi da takardun kifi.

Wakili ba a sake ganinsa ba. Shekarar nan ƙwadago na yi a fadamar wasu, muka ci daga cinikin furar Hauwa, wadda duk sanda ta miƙo mini kwano sai ta ce, "Ga na yau, Malam, kahin a buɗe ƙasa."

Abin da na koya shi ne, na shinshina, na ɗaga, na ƙirga, na bar abu ɗaya tak da zai cece ni, wato tafiya Shagari da tambaya guda. Yanzu ina ji ana irin wannan ciniki ta waya, a ce ka zuba yau ka kwashi dala gobe, kuma wane ma ya shiga. Roƙona gare ka mai karatu: kafin ka ba da ko sisi, tashi ka je wurin wanen nan ka tambaye shi da bakinka. In surukinka ne, tuɓe takalmi, durƙusa, sunkuyar da kai, amma don Allah ka tambaya.