Tankin Gishiri da Rabin Gemuna

Jiya wuta ta ɗauke wanzami yana tsakiyar rage mini gemu. Dama ya kwanta luf, hagu ya tsaya kamar tsintsiya.

"Baba, in ƙarasa da reza?"

Na ce a'a. Wutar da ta fara ita za ta ƙarasa.

Kun san tashar wutar da aka gina mana a bayan gari. Madubai su tara rana, rana ta narka gishiri, a zuba shi cikin tanki, zafinsa ya ba mu wuta ko rana ta faɗi. Ranar buɗewa, Mai Girma Sarkin Almakashi, gwanin yanke ƙyallen buɗe aiki, ya ƙwanƙwasa tankin da zobensa, ya ce ƙarfe ne mara tsatsa, jikokinmu za su gada. Muka tafa. Kuma bai yi ƙarya ba. Tanki bai yi tsatsa ba. Tsagewa ya yi.

Maƙwabcina direban motar ruwa ne a can. Na tambaye shi abin da ya faru.

"Wallahi muna kula da shi, Baba. Duk ranar da babban baƙo zai zo, sai a kashe zafin, kada ranka ya daɗe ya yi gumi. Mu wanke tankin fes har ka ga fuskarka. Baƙo ya dafa, a ɗauki hoto. Yana tafiya a mayar da zafi."

"Baƙin suna da yawa?"

"Har da surukansu."

Madalla da tsabta. Wai injiniyoyi sun yi ta cewa zafi da sanyi da ruwa da gishiri suna cin ƙarfe ta ciki. An gode musu, an ba su kujerun baya.

Yau kwamitin bincike ya iso, don haka aka sake wanke tankin. Aka kira dattawa mu tsaya a gaba.

Mai ɗakina ta ce, "Malam, da wannan fuskar?"

Na ce e, da ita zan je. Su ga aikinsu.

Na ratsa har gaban jagoran kwamitin, Shugaban Masu Girgiza Kai, na miƙa masa kuncina na hagu. Kafin ya ɗago ido, mai hoto ya kama kafaɗata.

"Baba, ɗan juyo mana da dama. Yauwa. Ta nan muke ɗaukar tankin ma."

Na ga hoton a wayar wanzami. Ni da tanki, lafiyarmu ƙalau. In faɗi gaskiya, na ma fi shi kyau.