Ɗelu Ta Rasu A Kan Tukunyar Wake

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hanci mai cike da ƙaurin roba, ni Ɗayyabu, ɗalibi mazaunin unguwar Setapak a ƙasar Malayawa, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar Ɗelu, faifan jifana mai ruwan ɗorawa. Rai ya yi halinsa ranar Talata da hantsi, a kan tukunyar wake, a kicin ɗinmu da ke hawa na tara.

Ga waɗanda ba su san sana'ar marigayiya ba, wasa ne na jifa da faifan roba. Ana tsayawa daga nesa a nufi wani abu, wanda ya same shi da jifa mafi ƙaranci shi ya ci. An ce a ƙasar Turawa kwandon ƙarfe mai sarƙa ake nufa. Mu a lambun Titiwangsa turakun fitila muke jifa. Mu uku ne a gidan, ni da Abdulmajid da Sharfaddeen, kuma dokarmu guda ce: wanda ya zo na ƙarshe ranar Lahadi, shi zai wanke bayi har wata Lahadin. Bayin samari uku masu cin wake, jama'a. Ba sai na faɗa ba.

Ɗelu ta zo hannuna a farkon 2006, lokacin da wani Bature ɗan Finland ya gama zangonsa a kwalejinmu ya raba mana fayafayansa. Sharfaddeen ya yi wuf ya kwashe masu kaifin baki, na cin dogon zango. Aka bar mini uku masu kaurin baki, na matsakaicin jifa, ana yi mini dariya wai na gaji faranti. Tun daga ranar hannuna bai sake taɓa buroshin bayi ba.

Marigayiya ta kasance mai haƙuri, mai rufin asiri. Ko hannuna ya karkace, ko na sake ta tana rawa, sai ta daidaita kanta a sama ta miƙe ɗoɗar. Ba ta dama, ba ta hagu, sai ɗan sunkuyon da take yi a ƙarshe kafin ta sauka. Ba ta da hayaniya. Iyakar maganarta "fiii" in ta tashi, sai "ƙwal" in ta gaisa da turke. Mutane suna cewa Ɗayyabu gwani ne, ni kuma ina sunkuyar da kai ina cewa baiwa ce. Ita ba ta taɓa musa mini ba.

Ta rasu ta bar 'yan'uwa biyu, kuma wallahi ba wadda ta ɗauko halinta. Babbar ita ce Kafiya, ja ce. Duk inda ka nufa da ita, da ta ci rabin hanya sai ta karya hagu ta faɗi tim, kamar an kira ta cin abinci. A yi mata adalci, ranar da iska ke bugo fuska ita kaɗai ke tsayawa da ƙafarta. To amma sau nawa iska ke kaɗawa a garin nan da gumi ke zuba tun asuba? Ƙaramar kuwa, shuɗiyar, Ballagaza muke ce mata. In ka lallaɓa ta da sanyin hannu za ta ɗan bi ka. Ka ƙara ƙarfi kaɗan, shi ke nan, ta juya dama ta kama yawonta, wani lokaci ta sauka a kan baki ta yi ta gangarawa sai ta ga ruwan tafki. Ɗaya ba ta jin magana, ɗaya tana jin ta kowa.

Marigayiya ta ɗan yi fama da tsufa. Karo da bishiyoyi ya zazzage mata baki, har ta fara ɗan leƙa dama irin na ƙanwarta, amma ba abin da zai kwantar da ita. Ajalinta ya zo ne ta hannun Sharfaddeen, wanda ya yi shekara ɗaya da rabi yana durƙuso a bayi saboda fayafayansa masu kaifin baki sun fi son daji da turke. Ya ɗora wake a ƙaramar tukunya, ya ce ya nemi murfi ya rasa, sai ya rufe da Ɗelu, ya buɗe wuta har tana lasar gefe, ya tafi wanka. Ina ɗaki na ji ƙauri. Ko da na iso bakinta ya narke ya zubo, tana "tsss, tsss" a hankali. Wannan ce maganarta ta ƙarshe.

Da na tambaye shi, yana ɗaure da tawul a ƙugu, cewa ya yi, "Sori lah, mutumina. Ai na ga ta yi daidai da tukunyar ne." Waken ma bai zubar ba, ya ci abinsa da manja.

Ba na zargin kowa. Sai dai jiya na shiga bayi in ga yanayin wurin, don mutum ya san makomarsa, na tarar da murfin tukunyar a ɓoye a bayan tankin ruwa. Mutum ɗaya ne a gidan nan hannunsa ke kaiwa wurin.

Na fita gwaji da marayun da yamma. Kafiya ta karya hagu ta sauka a tabarmar wasu Malayawa, daf da kwanon shinkafarsu. Ballagaza ta yi dama, sai da na cire takalmi na shiga ruwa har gwiwa. Turken da na nufa yana tsaye lafiya lau, ko iskar faifai bai ji ba. Nan na zauna a ciyawa na yi kewar Ɗelu da gaske, har idona ya kawo ruwa. Duk shagunan wasanni na garin nan na zaga, ba mai irinta. Wani ma farantin wasan kare ya miƙo mini.

Game da jana'iza, Abdulmajid, wanda shi ne ustazun gidan, ya ce kada ya ji an ambaci salla a kan roba, kuma mun bi. Za a naɗe ta a tsohuwar singiletina a binne ta a tukunyar fulawar da ke baranda, ranar Asabar bayan la'asar. Zaman makoki a shagon mamak, wato mai shayin da ke ƙasan bene, kowa ya biya shayinsa. Sharfaddeen ya nemi a ba shi haƙar kabari, an hana shi.

Na roƙi a ɗage wasan Lahadi saboda rashin da aka yi, su biyun suka ce doka ba ta san makoki ba. Don haka masu niyyar kawo gudummawa kada su wahalar da kansu da abinci. A taho da safar hannu ta roba da sabulu mai ƙarfi. Buroshi kam akwai, Sharfaddeen ya riga ya jingine mini shi a ƙofar ɗaki tun safe.