Injin Ban Ruwa a Bangon Gareji

Talata Mafara ta haifi manyan mutane, amma ba ta taɓa haifar kamar Alhaji Balarabe Nagode ba. Duk mai shakka ya je ya tambaye shi, zai tabbatar masa. Ya taɓa zama mai ba wani kansila shawara ta musamman kan harkar noma, kuma ko da yake har kansilan ya sauka bai nemi shawarar ba, Alhaji bai yi fushi ya cire muƙamin daga katinsa ba. Masu zaman majalisa a bakin titi suna kiransa Gwamnan Shinkafa, shi kuwa ya ɗaga musu hannu cikin tawali'u. Gonar gado da ke fadama ƙanensa Isma'ila ke noma ta, Alhaji yana kula da ita ta waya.

Sai labari ya zo cewa manoman rani na Mafara da Bakura da Maradun za su haɗa ƙungiya guda, kuma dattawa za su zagaya su ga masu neman shugabancinta. Sauran 'yan takara, da yake ƙananan tunani gare su, suka koma gyaran gonakinsu. Alhaji ya hango abin da ba su hango ba. Gona ai kowa na da ita. Abin da ya kamata dattawa su gani shi ne tarihi, kuma tarihi a bango ake rataye shi.

Aka fitar da motarsa daga gareji, aka tura ta ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, inda awakin unguwa suka mayar da ita wurin shan iska. Aka shafe gareji da farin fenti. Alhaji da kansa ya hau tsani da babbar riga, ya ce aikin ilimi ne, ba a ba kafinta.

Da hotuna ya fara. Ga shi yana yanka ƙyalle, ga shi yana kallon wani yana yanka ƙyalle. Akwai wanda aka ɗauka da wani babban baƙo, inda kunnen Alhaji da gefen hularsa kaɗai suka fito, sai ya zagaye kunnen da jan biro don kada mai kallo ya wahala. Da ya buga ƙusa bulo ya farfashe, ya ce laifin masu buga bulon zamani ne, ya aika aka sayo injin huda bango. Hudar farko ta ɓulla ɗakin girkin matarsa, Hajiya Maimunatu, ta zubo da jeren kwanukanta ƙasa. Ta leƙo tana tambayar ko rushe gidan za a yi. Ya amsa mata daga saman tsani ba tare da ya waiwayo ba.

"Hajiya, wanga aiki ba na yau ba ne, na jikokin jikoki ne. Ki yi alfahari ta ɗakinki tarihi ya ratsa."

Daga nan ya koma kan manyan kaya. Ya rataye garmar shanu da bai taɓa riƙe ta ba, da lauje, da tayar tarakta da ya ce ta tuna masa gwagwarmaya. Ƙahon wani bijimi ya fi ba shi wuya, don duk yadda ya ɗaure shi a ƙugiya sai ya karkace, har ya kama masa wuyan riga ya bar shi yana lilo da ƙafa ɗaya a tsani. Ya ce wannan gwajin ƙarfin ƙugiya ne, kuma ƙugiya ta ci jarrabawa.

Tsakiyar bango ta rage fayau. Alhaji ya yi ta kallonta yana shafa gemu, har idonsa ya faɗa kan injin ban ruwan gidan, wanda Isma'ila ya kawo gari aka yi masa gyara. Ja ne, yana ƙyalli. Babu abin da zai nuna manomin zamani kamarsa.

Isma'ila ya zo ɗauka ya tarar mai walda yana narka rodi. Ya yi magana a hankali, kamar yadda ƙane ke yi wa wa. Ya ce an gama dashe, ruwan kanal ba ya kai wa gonarsu sai an ja, kuma abincin gidaje biyu na cikin wannan shinkafa. Alhaji ya saurare shi da haƙurin manya, sannan ya bayyana masa cewa shinkafa tsiro ce mai juriya, shi da ya ba gwamnati shawara ya sani.

"Gona guda kake dubi, ni ƙananan hukumomi uku nike dubi. In na hau kujera, inji goma za ka zaɓa."

Aka huda bango, aka zura rodi, aka cika da siminti, aka like injin da walda ta kowace kusurwa. Alhaji ya ɗaura masa koren ƙyalle. Isma'ila ya yi yawon neman aro, amma lokacin kowa na ban ruwa. Ya koma ɗibar ruwa da bokiti shi da matarsa Lantana, rana tana shanyewa kafin su juyo.

Ranar da dattawa suka iso, an daɗe ana gaisuwa, an tambayi gida da gajiya da mutanen Bakura da na Maradun ɗaya bayan ɗaya. Sannan Alhaji ya ɗauki sanda ya shiga nuna musu bango. Ya yi bayanin kunnen, ya yi bayanin ƙahon. Da ya iso kan injin ya dakata don su sami damar mamaki.

Malam Buba na Faru, wanda ya fi kowa shekaru a cikinsu, ya daɗe yana duban injin. Ya ce lalle an kafa shi da kyau. Sannan ya ce da ma akwai wata magana da suke son kawo wa Alhaji, tun da shi mai hali ne.

"Kan hanya mun wuce wata gona da shinkafa ta ƙone tsaye, mun iske wani bawan Allah da matarsa suna ɗibar ruwa da bokiti. Tausai ya kama mu, munka ce za mu roƙa mai aron inji wurinka. Da munka tambayi mai gonar, sai anka ce kai ne."

Alhaji ya yi gyaran murya. Ya ce wannan gwaji ne na sabon tsarin noma mai tsimin ruwa, amma tun da dattawa sun roƙa, a sauke injin yanzu. Aka kira mai walda, ya duba, ya ce Alhaji ne ya ce a yi aikin da ba mai iya cirewa, kuma haka aka yi. Aka ja, aka girgiza, aka sa ƙarfe aka ɓanɓara. Hotuna suka yi ta zubowa suna fashewa, injin bai motsa ba. Dattawa suka yi addu'a, suka yi sallama, suka tafi duba gonar ɗan takara na gaba.

Shugabanci ya tafi Bakura. Da lokacin girbi ya yi, ranar wata Talata, aka ga Gwamnan Shinkafa a kasuwa, a layin 'yan hatsi, ya ja hula har gira, yana taya buhu biyu, ɗaya na gidansa, ɗaya na gidan Isma'ila. Mai shinkafar ya gane shi, ya miƙe da girmamawa, ya tambaya da ƙarfi ko ta ci ce Alhaji yake so, ko ta ratayewa.