Ranar da Na Ce a Cika Mini Kofi

Ba zan taɓa mantawa da yammacin Juma'ar da na je gidan Duktur Usman a unguwar Bagdadiyya ta Jidda neman aiki ba, kuma har gobe in na tuna sai in ji kamar in shara wa kaina mari. Kunya tana nan, amma haushi ya fi yawa: haushin kaina, haushin abokina Fahad da ya kai ni, da haushin wasu masanan adabi na Faransa da ban taɓa gani da ido ba amma suka cika mini kai da iska.

Ni ɗan Damagaram ne, adabin Faransanci na karanta a Yamai. Kundin digirina na biyu a kan kayan amfani ne a cikin ƙagaggun labaran Faransa na zamani. Marubutan nan suna da wata ɗabi'a: sai su ƙyale mutumin da ake ba da labarinsa, su ɓata shafuka suna bayanin agogon bango, ko ƙafar kujera, ko tabon da kofi ya bari a kan tebur. Masana kuma suka ce ai nan gaskiyar take, baki yana ƙarya amma kaya ba sa yi. Na haɗiye wannan magana ko taunawa ban yi ba. Na koma in na shiga ɗakin mutum ba na jin gaisuwarsa, labulensa nake karantawa. (Na taɓa gaya wa yayata cewa jeren kwanukanta yana nuna kaɗaici. Da muciya ta raka ni bakin ƙofa.)

Na zo Jidda ne aiki a ofishin wani mai fitar da kaya, ina yi masa tafinta da 'yan kasuwar ƙasashenmu. Ban daɗe ba mutumin, wanda shi ne kafilina mai tsaya mini a wurin hukuma, ya ce zai rufe ofis, in nemi wanda zai karɓi iƙamata, wato takardar izinin zamana, in ba haka ba sai gida. Ni kuwa na riga na cika baki a gida cewa ba ni dawowa sai da digiri na uku. A unguwar Waziriyya nake zaune cikin 'yan Nijar 'yan'uwana, shayinmu muke sha irin na gida, kofi cike har da kumfa. Gidan haifaffen Jidda kuwa ban taɓa taka shi ba.

Fahad abokin aikina ne a ofishin, a nan aka haife shi, kakanninsa ne suka zo hajji suka zauna. Shi ya ce mini ƙanin mahaifinsa, Duktur Usman, yana da makarantar koyar da harsuna, yana neman malamin Faransanci, kuma shi kansa a Faransa ya yi karatu.

“Ammi yana son masu ilimi,” in ji shi, haka yake kiran baffan nasa da Larabci. “Ka zo majalisinsa bayan La'asar, ka gaishe shi, magana kaɗan, halas, shi ke nan. Aiki naka ne.”

Magana kaɗan, ya ce. Abin da ya manta bai gaya mini ba shi ne duk sauran.

Muka shiga muka tarar da dattawa zaune a kan kilishi, an jera dabino. Duktur tsoho ne siriri mai farin gemu, yana ɗan ɗingishi. Ya karɓe ni da Hausa mai ƙanshin Larabci, ya ce, “Marhaban ya waladi, ɗan Damagaram! Zauna kusa da ni.” Sai ya miƙe da kansa ya ɗauki butar gahawa, ya zuba a wani ɗan ƙaramin kofi marar hannu, wanda suke kira finjan, ya miƙo mini.

Na leƙa ciki. Ɗan ruwa ne a gindin kofin, ko rabi bai kai ba.

Nan take kundina ya buɗe a cikin kaina. A gidanmu in ka miƙa wa baƙo shayi iya gindin kofi, ai ka gaya masa matsayinsa. Na ce a raina, to, ga shi nan: baki yana marhaban, kofi yana cewa kai wane ne, baƙon jiya mai neman kafili. Ban ko dubi kofunan sauran mutane ba, ni masanin kaya. Na kurɓe shi gaba ɗaya, na miƙa masa. Ya sake ɗiga mini kamar na farko. Na shanye, na miƙa. Ya sake. Raina ya fara tafasa, na ce bari mu ga inda wulaƙancin zai tsaya. Tsoho yana tsaye a kaina da buta, yana sauya ƙafa saboda gwiwarsa, ni ina miƙa kofi kamar mai karɓar magani a asibiti. Fahad daga can gefe yana ta karkaɗa mini hannunsa, yatsu a haɗe. (Na ɗauka cewa yake in daure. Har kai na gyaɗa masa, irin na jarumai.)

Duktur yana tsaye haka ya tambaye ni da Faransanci mai kyau a kan me na yi bincike. Ai kuwa ya taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Na gyara zama na fara zuba. Na ce a adabin zamani kaya sun ƙwace magana daga bakin mutane. Na ce marubuci ba ya buƙatar ya ce maigida ya raina baƙonsa, ya isa ya nuna mana kujerar da aka ba shi, ko kwanon da aka zuba masa abinci. Dattawa suna ta gyaɗa kai, wasu don ladabi, wasu don ba sa jin Faransanci. Da na ga haka sai na juya Hausa, don kowa ya amfana.

Na ɗaga finjan sama yadda kowa zai gani. “Voilà, ga misali a hannuna,” na ce. “Da a cikin littafi aka zuba wa baƙo ɗan wannan, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, duk mai nazari zai ce maigida yana auna baƙon ne, kuma ga iya nauyinsa. Baba Duktur, talaka ne ni, aiki nake nema, amma ban zo bara ba. In za a ba ni gahawa, a cika mini kofi kamar kowane ɗan mutunci.”

Wani dattijo ya mayar da dabinon da ya ɗauka. Fahad ya rufe fuska da gefen rawaninsa.

Duktur ya dube ni. Bai ɗaure fuska ba. “Ka tabbata, ya waladi?” ya ce a hankali.

“Na tabbata, Baba.”

Ya zuba har baki, har yana neman zubewa a kan yatsuna. Sannan ya ajiye buta, ya zauna da ƙyar yana murza gwiwa. Ni kuwa na sha ina jin daɗi har cikin rai, na ce yau ilimi ya ƙwaci haƙƙinsa. Ba a jima ba aka shigo da kaskon turaren wuta, aka fara zagayawa da shi. Dattawa suka turara tufafinsu suka fara miƙewa ɗaya bayan ɗaya. Na ce ga ban-haƙuri ya zo. Na turara gemu, na ƙara miƙe ƙafa, na shiga babi na biyu na kundina, wanda ya shafi labule. Sai da Fahad ya kama hannun rigata ya ce, “Yalla, ya akhi, don Allah tashi,” sannan na miƙe, har ina yi wa Duktur alkawarin dawowa in ƙarasa.

Ko motarsa Fahad bai tayar ba ya juyo kaina. Ban taɓa ganin Fahad cikin fushi irin na ranar ba, Hausarsa ma guduwa ta riƙa yi yana kamo ta.

“Inta majnun? Mahaukaci ne kai? Nan ƙasar kaɗan ake zubawa! Kaɗan shi ne girmamawa, ya'ani ka sha da zafi, mai gida yana tsaye yana yi maka hidima, yana so ka daɗe. In ka ƙoshi ka kaɗa kofin haka,” ya sake yi mini irin karkaɗa hannun nan, “shi kuma ya zauna. Ka bar Ammi a tsaye da ciwon gwiwa! Kofi cike kuma, ka san ma'anarsa? Sha ka tafi. Wallahi tun da nake ban taɓa ganin wanda ya roƙi a kore shi da bakinsa ba sai kai.”

Na ce da ƙaramar murya, “Turaren fa?”

“Turare sallama ce! In ya fito, zama ya ƙare. Kai kuma ka buɗe mana labule!”

Na so in yi shiru, amma haushi ya hana ni. Na daka masa tsawa na ce me ya sa bai gaya mini tun a hanya ba? Ya ce ta ina zai san akwai babban mutum mai gemu da bai san shan gahawa ba, balle wanda ya yi shekaru yana karatun kofuna? Wannan ta shige ni. Har muka iso Waziriyya ina ta zagin masanan nan a zuci, da shafukansu, da agogunan bangonsu. Su suka koya mini cewa kaya ba sa ƙarya, ba wanda ya ƙara da cewa kofin Jidda bai yi makaranta a Yamai ba.

Na koma na ba Duktur haƙuri, ya karɓe ni da fara'a, ya ce ya yafe, har ya yaba Faransancina. Aikin dai wani aka ba. Ta bakin Fahad na ji dalili: ya ce yawancin ɗalibansa 'ya'yan gari ne, ba zai iya sa musu malamin da yake yanke hukunci kafin ya dubi kofin na kusa da shi ba. Na yi ƙoƙarin in ji haushinsa, ban samu ta inda zan kama ba.

Fahad ɗin ne dai ya cece ni daga komawa gida. Ya samo mini sabon kafili, mai shagon kayan gida a unguwar Ammariyya. Ina nan yanzu, digiri na uku yana jira, daga safe zuwa yamma ina sayar da butocin gahawa, kaskon turare da finjan dozin-dozin. Kullum ina goge su, ina jera su, ban ƙara tambayar ɗayansu abin da yake nufi ba. In na shiga gidan mutane kuwa, kafin in buɗe baki sai na leƙa kofin maƙwabcina, kuma ana zuba mini na biyu nake kaɗa hannu, ko da ƙishirwa za ta kashe ni.