Yadda Za Ka Samo Dangi a Ƙasar Cek da Kalma Ɗaya

In kai ne kullum ƙoƙon sakau (abin shanmu na saiwa mai bugarwa) ke iso wa a ƙarshe, bayan manya sun sha sun yi gyatsa, bi matakan nan, na ba ka tabbacin za a san da zamanka. Tsoho Welsin na nan tsibirin Pohnpei ya gwada, har yau zancensa ake yi.

1. Kasa kunne

Wani dare Welsin ya ji gurnani a gindin ayaba kamar alade ya shaƙe. Ashe Radek ne, Baturen ƙasar Cek da zai auri Merihda, 'yar ƙanwar Welsin. Sakau ne ya juya masa ciki. Aka ba shi ruwa, yana sha yana nishi yana cewa "pil". Merihda ta ce a yaren su Radek ana nufin "ya sha". Mu kuwa ruwa muke kira pihl. Irin wurin da ilimi ke ɓuya ke nan, ba makaranta ba.

2. Kada ka nemi kalma ta biyu

Ɗaya ta isa. Ta biyu gardama take jawowa.

3. Samo kwalekwale

Kalma ba ta iya iyo, sai an ɗauko ta. Welsin ya ce ai wata kakarsu ce iska ta kwasa da kwalekwalenta har ƙasar Cek. Ka tabbata mace ce, tunda ta wajen uwa muke bin zuriya.

Radek ya ce, "Kawu, mu fa ƙasarmu babu teku."

Welsin ya ce, "Shi ya sa ba ta dawo ba, ɗana."

4. Jira taro

Bari sai an daka sakau a kan dutse, an tace, manya sun natsu. Nan Welsin ya sanar cewa Radek ɗan zuriyarsu ne, jikan wannan baiwar Allah. Nan take ƙoƙo ya tsallake mutane ya iso hannun Welsin. Merihda ta yi ta zungurinsa tana cewa, "Kawu, don girman Allah ka yi shiru!"

Kada ka yi shiru. Masani ba ya jin zunguri.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba ruwansa da kukan amarya, ko aladun biki da aka riga aka turke, ko ƙanwar da ta daina gaishe ka. Haka kuma ba ruwansa da maƙwabci irin Perdin, wanda ya goge baki ya ce, "To Welsin, tunda zuriyarku ɗaya da yaron nan, kuma ba a aure cikin zuriya, wa zai auri Merihda ran Asabar?"